Jirgin Yaƙin Baffa Manu

Ku da kuke tsayawa a bakin shagona da yamma kuna ɗaga waya kuna ɗaukar jiragen da ke rataye, kada ku ɗauka ba na jin abin da kuke faɗa wa juna. "Ai wasan yara ne, katako ne da fenti." Kwanan baya ma wani cikinku, mai ɗora tabarau a goshi, ya ce in na ba shi zarto da gam zai haɗa irinsa kafin la'asar. Ban yi musu da shi ba. Na miƙa masa guntun katako na ce ya fitar min da fiffike biyu waɗanda babu wanda ya fi wani kauri. Har yau ina jiran sa. To ku jawo benci ku zauna in ba ku labarin sana'ar, in kun ji sai ku zaɓa: ko ku koya, ko ku riƙa sallama kafin ku ɗauki hoto.

Sunana Haladu, amma a Dutse in ba ka ce Mai Jirgi ba ba wanda zai nuna maka ni. Da motar kara na fara, kamar kowane yaron ƙauye. Bambancin kawai shi ne sauran sun girma sun daina, ni na ƙi dainawa. Da mahaifina ya gaji da ganin ana zare masa karan danga, sai ya kai ni Kano wurin Malam Iro, Allah ya jiƙansa, kafinta ne mai sassaƙa ƙananan jirage da ake ɗorawa a kan tebur a ofisoshin masu sayar da tikiti da masu jigilar alhazai. Na daɗe a wurinsa ban taɓa gwangwanin fenti ba, aikina gugar katako da samfefa har zanen yatsuna ya shafe. In na gama jirgi sai ya rataye shi da zare a bakin ƙofa, ya kanne ido ɗaya, ya dube shi ta hanci. In fiffike ɗaya ya ɗan sunkuya, ba faɗa, ba zagi, sai ya karya shi a gwiwa ya aika da shi cikin gida. Uwargidansa ta sha dafa mana wake da jiragena.

Jirgin farko da ya tsira daga murhu na wani mai sayar da tikiti ne a Fagge, kuma da kayan da na yi shi da su nake aiki har yau. Katakon malaina, don ba ya tsagewa kuma yana bin wuƙa. Ƙaramin zarto, magagari, reza, filaya, da basilla wadda nake sawa a wuta in huda rami da ita. Ƙafafun jirgi wayar keke ce, tayoyin kuma daga tsohon silifa nake yanko su. Gilashin da ke rufe matuƙi robar ruwa ce, a gasa ta a kan gawayi har ta yi laushi, a kifa ta a kan katakon da aka sassaƙa daidai siffar, a riƙe har ta huce. Ka yi jinkiri ta ƙone, ka yi gaggawa ta yi fari fat. Fenti kuwa da famfon feshin maganin sauro nake fesa shi. Amma duk wannan hannu ne, kuma hannu yana koyuwa. Abin da ke wahala shi ne ma'auni. In ka ce za ka rage jirgi, to komai nasa sai ya ragu daidai da juna, daga tsawon jiki har kaurin taya. Ka bar taya ɗaya ta yi ƙiba, ko wanda bai taɓa shiga jirgi ba zai ji abin bai kwanta masa ba, ko da bai san me ya sa ba.

Masu saye iri-iri ne. Akwai shugabannin makaranta masu son na nuna wa ɗalibai, akwai ma'aikata masu haɗa kyauta ga wanda zai yi ritaya, akwai alhajin da ke son jirgin da ya kai shi Makka. Wani ɗan siyasa ya taɓa cewa in manna hotonsa a jela, na manna, ai jirginsa ne. Akwai kuma shekarar da ba na son tunawa, wadda jiragen roba na waje suka cika kasuwa, masu fitila da kuka, ga araha. Aiki ya tsaya cak. A daminar kuma rufin shago ya yoye, katakon da na tara ya sha ruwa ya kumbura, jiragen da ke rataye fentinsu ya tsattsage. Shekarar akurkin kaji na koma yi, da kujerar tsuguno. Abin da ya dawo da ni shi ne na roba duk uwa ɗaya ta haife su. Wanda ke son jirgi kawai ya tafi kasuwa. Wanda ke son wani jirgi guda, nasa, da lambarsa da tabonsa, dole ya neme ni.

Aikin da ya fi koya min haka wata Asabar ya zo, da hantsi. Wata mata ta sauko daga mota ta yi sallama, ta ce sunanta Hajiya Adama, nas ce a nan Dutse, amma gidansu na Taura. Ta kwance wani hankici ta fito da tsohon hoto wanda ya koɗe ya koma jaja-jaja. Wani soja ne dogo siriri, yana tsaye a gefen jirgin yaƙi, hannunsa a kan fiffike.

"Mahaifina ne, Baffa muke ce masa," in ji ta. "Sojan sama ne a da, shi ke ɗora wa jirgi makamai. Wannan jirgin nake so, Malam."

Na ce, "Irinsa kike so, Hajiya, ko shi?"

Ta ce, "Shi ɗin."

Na sake duban hoton. Lambar jirgin na jikin jela, amma ta ƙarshe ta ɓuya bayan hular Baffa, sai ɗan lanƙwasar samanta ake gani, wadda za ta iya zama uku, ko takwas, ko tara. Launin fenti ya tafi. Abin da ke rataye a ƙarƙashin fiffike kuma bakin hoton ya yanke rabinsa. Na ce ai abin da sauƙi tunda mai jirgin na raye, ta kai ni in yi masa tambayoyi.

Ta girgiza kai. "Ni ce 'yar fari, Malam, ka san mu Fulani. Ba ma doguwar magana da shi. Tun da Inna ta rasu kuwa shirun ya ƙaru, yini yake a zaune. Ƙannena in suka taɓo masa zancen aikin soja sai ya ce a miƙo masa buta. So nake a kai masa abin da zai sa ya buɗe baki, ko sau ɗaya." Ta naɗe hankicin. "Amma na san halinsa. In ba nasa ba ne, ba zai ce ba nasa ba ne. Cewa zai yi madalla, ya sa a ajiye a ɗaki. Wannan madallar nake tsoro."

Ni ma daga ranar tsoron madallar ya kama ni.

Yanzu za ku ce ai komai na cikin waya. Na shiga wayar, har idona ya yi ja. Irin jirgin na nan birjik, amma ƙasashe da yawa sun saye shi kuma kowace da fentinta. Namu na gida hotunansu kaɗan ne, rabi dishi-dishi. Ga kuma Turawa masu sana'a irin tawa da suka yi nasu suka baza, kowa da nasa ƙiyasin. Wani ya sa koren tutarmu kamar ganyen latas. In ka kwafi mai kwafe, kuskurensa ka saya. Duk da haka na tsinci hotunan namu guda uku da lambarsu ta fara kamar ta hoton Hajiya, na kai shagon kwamfuta aka buga min su manya.

Sai aka ba ni labarin akwai irin jirgin da ya mutu, an ɗora shi a kan ginshiƙi a ƙofar wani bariki. Na shiga mota na tafi. Na zagaya shi ina hange, ina auna tsawon fiffike da zare daga nesa, ina zane a takarda, har mai gadi ya taso ya tambaye ni wanda ya aiko ni. Da ƙyar na sha, sai da na nuna masa hotunan aikina, ƙarshe ma shi ya ce in yi masa ɗan ƙarami. Siffar jiki na samu a can, amma ba fenti ba. An shafe shi da fentin gida mai sheƙi, makaman da ke ƙarƙashinsa kuma bututu ne mai walda ya liƙa don ado.

Wani direban motar Ringim ne ya ce min akwai tsohon sojan sama a garinsu, Saje Sabo, wanda yanzu yake gyara wa masu lambu injin ban-ruwa. Na same shi a rumfarsa, baƙin mai har gwiwar hannu. Ashe fenti da gyaran jikin jirgi ne aikinsa a da. Ya goge hannu, ya karɓi hoton ta gefe-gefe, ya kai shi wajen haske.

"Kai lamba kake nema," in ji shi. "Bar lamba. Dubi dabbare-dabbaren jikinsa. Da hannu muke fesa su, babu biyu da suka zo ɗaya. Yadda makiyayi ke gane saniyarsa a cikin garke haka muke gane su tun daga nesa."

Muka baje hotunan da na bugo a kan buhu. A hoton Hajiya akwai wani dabbare a gefen hancin jirgin, ya lanƙwashe kamar ƙaho. Muka bi ukun ɗaya bayan ɗaya. Na farko babu, na biyu babu. Na uku ga ƙahon nan a wurinsa, lambar jelarsa kuma ta ƙare da takwas. Na yi hamdala da ƙarfi. Saje Sabo bai taya ni ba.

"Mai takwas ne," ya faɗa a hankali. "Allah ya jiƙan wanda ya tafi da shi."

Na ce, "Faɗuwa ya yi, Saje?"

"Tashi ya yi wata safiya, a can ƙasar da aka tura mu aiki, bai dawo ba. Daji ne da ruwa, ko ƙusarsa ba a gani ba." Ya sake duban sojan da ke hoton. "Manu Dogo ke nan. Yana raye ashe? To sauran shi zai faɗa maka, in ya ga dama."

Bai ƙara komai a kan wannan ba, amma ya ba ni yininsa. Na je da ƙananan gwangwanayen fenti, muka zauna muna haɗawa a kan murfin bokiti. "Ƙara ƙasa-ƙasa. A'a, ka zarce. Koren kamar garin kuka yake, ba kamar ɗanyen ganye ba." Cikin jirgin kuma, in ji shi, toka-toka ne mai haske, don in an ɗaga kai daga ƙasa ya saje da sama. Ya nuna min inda tambarin zagaye yake zama a fiffike da inda tuta take a jela. Da na nuna masa hotunan waya da aka cika fiffike da bama-bamai sai ya yi tsaki.

"Wannan ai motar kasuwa ce. Da an yi masa wannan lodin ko tashi ba zai yi ba."

Ya ɗauki tsinke ya zana min a ƙasa. Kusa da jiki tankin mai, dogo mai tsini, ɗaya a kowane gefe. Daga waje kwandon roka, zagayayye, bakinsa ramuka kamar saƙar zuma. A ƙarƙashin ciki kuma bindiga. Abin da bakin hoto ya yanke, wanda na yi ta ɗauka bom ne, ashe tankin mai ne.

A hanyar dawowa na kira Hajiya Adama na faɗa mata abin da na jiyo, don ban ga ya dace in kai wa tsoho abin da zai fama masa ciwo ba tare da ta sani ba.

"Ba mu taɓa sani ba," in ji ta. "Amma duk aikinsa hoto ɗaya ya ajiye, Malam, shi ne wannan. Yi shi."

Ban taɓa zuba wa aiki ido kamar wannan ba. Ramukan kwandon roka da bakin basilla na huda su ɗaya-ɗaya. Dabbaren sai da na zana su da fensir ina duban hoto kafin in fesa, ƙahon gefen hanci kuwa sau uku ina goge shi. Ƙananan rubuce-rubucen da ke kusa da mazaunin matuƙi da silin gashin jelar saniya na yi su. Da na gama sai na ga ya yi sabo da yawa, na shafa masa ɗan toka a bayan inji inda hayaƙi ke baƙanta jiki. Na rataye shi da zare a bakin ƙofa, na kanne ido ɗaya na dube shi ta hanci. Ko Malam Iro ba zai aika da wannan cikin gida ba.

Ranar kaiwa a motar Hajiya muka tafi, kwalin a kan cinyata, 'yar jakar kayan aikina a ƙafata saboda ko wani abu zai ɓalle a hanya. Gidan na bakin gari, ga turakun shanu a gefe. Mun tarar da Baffa Manu a kan tabarma a inuwar darbejiya, dogo har yanzu, farar hula, matashin kai a bayansa. 'Ya'yansa maza biyu na nan, da wasu maƙwabta da suka ji labari. Aka yi gaisuwa mai tsawo. Hajiya ta durƙusa can gefe, ta kawar da fuska, ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice ba tare da ya ambaci sunanta ba. Ƙaninta ne ya yi bayani, ya ce Adda, wato Hajiya, ce ta sa aka yi masa wani abu.

Na buɗe kwali, na ɗora jirgin a kan kujerar tsuguno a gabansa. Wurin ya ɗauki salati. Wani maƙwabci ya ce saura kawai ya tashi.

Baffa ya gyaɗa kai. "Madalla," in ji shi. "Ya yi kyau. Allah ya yi albarka. A kai shi ɗaki kada yara su taɓa."

Na saci kallon Hajiya, na ga kanta ya sunkuya har haɓarta na taɓa ƙirji. Na ji haushi, na ji kunya, na fara lissafin inda na kuskure, ko koren ne, ko Saje Sabo ya manta wani abu. Na jawo kujerar gabana don in mayar da shi kwali. A nan na lura. Jirgin ya matsa, idon Baffa bai matsa ba. Yana nan yana kallon inda kujerar take da, da ɗan murmushinsa na karamci. Idanun a buɗe, garau a gani, amma babu kowa a ciki.

Daga baya Hajiya ta faɗa min duk gidan sun sani. Shi bai taɓa cewa ba ya gani ba, su kuma ba wanda zai iya buɗe baki ya faɗa, ko a bayan idonsa. Ita tana ta fatan akwai ɗan sauran gani. Ni kuwa a lokacin abin da ya faɗo min shi ne garin kukar da muka yini muna haɗawa, da silin gashin jelar saniya. Duk na yi su ne don ido.

In na ce a miƙa masa ya shafa, na tona shi a gaban maƙwabta. Sai na ce, "Baffa, a taimaka a riƙe min shi in ɗaure gindin, na ga yana rawa." Ban jira amsa ba, na zare jirgin daga kan 'yar sandar da na kafa shi a kai na sa masa a hannu, na duƙufa a kan sandar ina ta murɗa abin da ba ya buƙatar murɗawa.

Da farko riƙe shi kawai ya yi. Can sai babban yatsansa ya motsa. Ya bi hanci, ya hau kan gilashin matuƙi, ya sauko ta bakin da inji ke shaƙar iska, ya tsaya a nan. Murmushin ya ɓace. Ɗaya hannun ya bi fiffike har ƙarshe ya dawo, ya tafi jela. A jela ya yi ta shafawa, sama da ƙasa, yana neman abin da fenti ba zai ba shi ba.

"Nan na fi shan wuya, Baffa," na ce, "wajen lambar nan." Na kama yatsansa kamar mai nuna gwaninta, na bi da shi a kan lambobin ɗaya bayan ɗaya. Leɓensa na motsi. Da muka zo ta ƙarshe muka zagaya sama muka zagaya ƙasa, sai ya riƙe numfashi.

"Takwas," in ji shi. "Wa ya faɗa maka?"

"Saje Sabo na Ringim. Da dabbaren gefen hanci muka gane shi."

"Mai kama da ƙaho." Sai ga dariya ta kuɓuce masa, gajeriya, irin ta wanda ya daɗe bai yi ba. "Sabo mai fenti! Ai hannunsa ne ya zame ranar, ya ce wai ado ne."

'Ya'yansa suka dubi juna. Hajiya ta ɗago kai.

Ya kifa jirgin a kan cinyarsa ya shiga ƙarƙashi, kuma a nan na ga hannun ma'aikaci. Ba lalube yake ba, zuwa yake kai tsaye. "Tanki. Tanki. Roka. Bindiga na nan." Yana faɗa yana gyaɗa kai. Sai yatsansa ya tsaya a inda kwandon roka ya haɗu da fiffike. Ya shafa, ya koma ɗaya gefen ya shafa. Fuskarsa ta ɗaure.

"Ina fil ɗinsa?"

Na ce, "Wane fil, Baffa?"

"Jirgi da kaya a jikinsa, yana ƙasa, a tsakiyar mutane, babu fil? Wa ya bar shi haka?"

Maƙwabtan suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne. Ni na ga ba wasa a fuskar. Babu hoton da ya nuna min wani fil, Saje Sabo ma bai ambata ba, don ba ɓangarensa ba ne. Na ce ya gafarce ni ya koya min.

Ya sa hannu a ƙarƙashin matashinsa ya jawo wata 'yar jakar fata da ta yi baƙi don tsufa. Ya kwance bakinta ya zazzage a kan tabarma. Ƙarafa ne guda huɗu, kowanne kamar tsawon yatsa, da zobe a kai, kowanne da dogon ƙyalle wanda da ja ne, yanzu ya koɗe. Daga yadda 'ya'yansa suka miƙa wuya na gane ba su taɓa ganin su ba.

"Muddin waɗannan na jiki, makami ba ya tashi," in ji shi. "Ni ke zare su, a bakin titin tashi, inji na kuka. In ɗaga wa matuƙin su ya gani, ya ɗaga min yatsa, in sa a aljihu. In ya dawo, ni ne farkon wanda zai shiga ƙarƙashinsa in mayar da su. Kafin nan ba a cewa jirgi ya sauka, ko da tayarsa na ƙasa." Ya tattara su a tafin hannu. "Yaro ne mai yawan dariya, bai daɗe da aure ba. Kullum sai ya ce min, Dogo, riƙe min, yanzu zan dawo. Ranar na tsaya da su a bakin titi har rana ta faɗi. Washegari na koma. Ba wanda ya ce in kawo su, ni kuma ban san wa zan ba ba."

Ni dai na ji idona ya kawo ruwa, na sunkuya na buɗe jakar aikina.

Na ce a sa min basilla a murhu. Da ta yi ja na karɓi jirgin na huda ramuka huɗu a inda yatsansa ya nuna min, biyu a kowane fiffike. Wayar keken da ke jakata ta yi kauri. Ina juya ta ina tunani sai na ga hannu ya ajiye min wani abu a gefen tabarma. Hajiya ce ta zare fil-fil ɗin da ta maƙale mayafinta da su, ta riƙe mayafin da hannu. Na datse su da filaya, na lanƙwasa kan kowanne ya zama zobe. Na ce ko akwai jan zare a gidan.

"Yanka a nan," in ji Baffa, ya miƙo min ƙyallen ɗaya daga cikin nasa.

Na ce, "Baffa, wannan ɗin?"

"Nasa ne ai."

Na sa reza na fitar da siraran zare huɗu daga gefen ƙyallen, na ɗaura a zobban. Na zuba masa su a tafin hannu, na mayar masa da jirgin kan cinya.

Abin ƙanana ne ƙwarai, ni mai ido ma sai na kanne. Na farko ya faɗi a kan rigarsa, ɗansa ya yunƙura zai taimaka, na riƙe masa hannu. Baffa ya lalubo shi da kansa. Ya nemo ramin da farcensa, ya daidaita, ya tura. Ya ja ƙyallen kaɗan don ya ji ya zauna. Ya wuce na biyu, ya juya jirgin, na uku. Na huɗu ya daɗe kafin ya shiga. Da ya shiga sai ya bi su duka da yatsa, ya juyo da jirgin ya tsayar da shi a kan tayoyinsa a tabarma, ya ɗora tafinsa a bayansa.

"To," in ji shi. "Ya sauka."

Ya tattara manyan ƙarafan huɗu, ya naɗe su da ƙyallayensu. "Ke," ya ce, "karɓi waɗannan ki adana." Ya miƙa hannu wajen katanga, inda ya ji muryar Hajiya da farko. Ba ta nan, tun ɗazu ta dawo bayana. Hajiya Adama ta tashi a hankali, ta cire takalmi don kada ya ji takunta, ta zagaya ta bayan mutane har ta isa daidai inda hannunsa yake nuni. Ta durƙusa, ta tara hannu biyu.

"Ga ni, Baffa," in ji ta.